Babur Ɗin da Ba Ya Sallama

Tsohon babur ɗina sai an ji shi kafin a gan shi. Salansarsa ta fashe tun shekarar da na saye shi, na kai ta wurin mai walda ya fi a ƙirga, ƙarshe mai waldar da kansa ya roƙe ni in daina wahalar da shi. In na tayar da shi da safe a unguwarmu a Jugu, sai ya yi tari uku, ya yi atishawa ɗaya, sannan ya kama ruri. Maƙwabta sun tsane shi. Mutum ɗaya ce a duniya take ƙaunar wannan ƙara, ita ce mahaifiyata.

Inna tana zaune a Onkulu, gidan yayana, a bakin hanyar da ta tashi daga Jugu zuwa Faraku. Idanunta sun tafi shekara shida ke nan. Tun rasuwar babanmu, duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan ƙunshe mata farin goro a ganye, in hau babur in tafi gaishe ta. Ni goro nake sayarwa a kasuwar Jugu, sana'ar da muka gada tun kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja da jakuna. Haƙoran Inna ba sa iya goro yanzu, sai an goga mata shi, amma in ba nawa ba ne ba ta ci.

Ga yadda abin yake tafiya. Matar yayana takan dafa doya tun ana huɗuba, ta bar ta a tukunya kan garwashi. Ba ta isa ta zuba ta a turmi ba sai Inna ta ba da izini, domin a wurin Inna sakwarar da ta huce cin mutunci ce. Inna kuwa tana ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, kunne a hanya. Akwai wata 'yar gada kafin a shiga gari, inda nake rage gudu babur ɗin ya yi tarinsa. Da ta ji sai ta ce, "Ga Auta nan, a daka." Kafin in gama gaisuwa in wanke hannu, sakwara na gabana tana tururi, ga miya, ga soyayyen wagashi, wato cukuin Fulani. Na haura shekara hamsin, ina da tumbi da jikoki biyu, amma a ƙarƙashin mangwaron nan Auta nake.

Sai ga lokacin da man fetur na kwalba, wanda muke sha a bakin titi, ya tashi ya yi tsada. Babur ɗina kuwa maƙoshi gare shi. Ina cikin wannan takaici na je Faraku karɓar kaya, na wuce ta gaban wani shago na ga an jera wasu babura ƙanana, farare da shuɗi, suna sheƙi. Ni mutum ne mai son sabon abu, wannan ciwo nawa ne kuma na san shi. Na tsaya kallo, wani matashi mai ɗamammiyar riga ya fito yana murza hannu.

"Patron, wannan moto ba ya shan esans, fetur ke nan, ba ya da buji, filogin nan, ba ya hayaƙi," in ji shi. "Kuran kawai, wutar lantarki, kamar portabul, wayar hannunka. Ka sa shi a bango, ka tafi harkarka."

Na ce, "Zai kai ni Onkulu daga Jugu, ya dawo da ni?"

"Ale-retur, zuwa da dawowa, har da saura. In kana so ka wuce Partago ka ci kasuwa."

Bai dubi tumbina ba da yake wannan magana, ni ma ban nuna masa ba. Na zaɓi mafi araha a cikinsu, aka ɗaure shi a saman motar haya tare da buhunan gawayi, muka nufi Jugu. A makon nan na sayar da tsohon babur ɗina ga wani makiyayi daga Felebina, wanda ya ce ƙarar ce ma ta ba shi sha'awa, don shanu za su riƙa ba shi hanya. Matata ta tsaya a ƙofar gida tana kallo har ya sha kwana, sannan ta ce, "Alhaji, da ka bari ka gwada sabon tukuna." Na ce mata ita ba ta san zamani ba.

Bari in yi masa adalci. A cikin gari sabon babur ɗin ba shi da laifi. Ba ka buga kik, ba ka gumi, maɓalli kawai za ka murɗa ka ja hannu ya silale. Kujerarsa taushi gare ta, ƙarƙashin ƙafa akwai wurin da huhun goro ke zama daidai. Rigata ta daina warin hayaƙi. Hon ɗinsa ne dai abin kunya, in ka danna sai ka ce ɗan tsako aka taka. A gaban mai tuƙi akwai 'yan fitilu biyar masu nuna cajin da ya rage, kuma daga baya na gane cewa huɗu daga cikinsu maƙaryata ne.

Babban abin da na fi so shi ne shirunsa. Awaki ba sa matsawa, kaji ba sa gudu, tsofaffi sai na zo daf da su su zabura su yi salati. Ranar da na fara zuwa kasuwa da shi na silalo bayan rumfarmu, na tarar abokan sana'ata suna hirata. Ɗaya yana cewa wai tumbina ne ya fasa waccan salansa. Na tsaya na ji har ƙarshe, sannan na danna ɗan tsakon. Yadda suka watse ya yi mini daɗi ƙwarai. A nan na cika baki na ce Juma'a mai zuwa da shi zan je Onkulu in dawo, wanda yake shakka ya zo ya tsaya a bakin hanya.

Juma'a ta zo. Na fita gari fitilu biyar na ci. Na yi tafiya mai ɗan nisa suna nan biyar, har na fara rera waƙa. Da na kama hawan farko sai suka koma huɗu, kafin in kai samansa uku, a gangara suka koma huɗu kamar sun yi nadama. Hawa na biyu ya cinye su duka sai ɗaya, ita ma ƙiftawa take yi. Babur ya rage gudu har wata mata mai ɗauke da itace ta wuce ni, ta yi mini sannu. Daga nan ya tsaya cak, ba tari, ba gargaɗi, a wurin da babu komai sai gonakin doya.

Abin da mai shago bai gaya mini ba shi ne nauyinsa in ya mutu. Na tura shi cikin rana da babbar rigar Juma'a har na jiƙe sharkaf. 'Yan zemijan, masu haya da babur, suna wucewa suna tambaya ko in saya masa kwalba ɗaya, suna dariya. Ƙarshe wata motar doya mai komawa Jugu ta ɗauke mu, ni da shi a baya. Na sa direban ya sauke ni ta bayan gari don kada 'yan kasuwa su gani. Na kira matar yayana na ce ta gaya wa Inna aiki ya riƙe ni.

Juma'a ta biyu na ce laifin caji ne, don an ɗauke wuta ranar Alhamis. Wannan karon na cika shi taf, na bar babbar riga a gida, na tafi a hankali kamar mai rakiyar tsohuwa. Ya wuce inda ya mutu wancan mako da ɗan kaɗan, ya sake mutuwa. Matata ta ce, "Alhaji, ga motar haya nan, ga zemijan. Ka je ka ga tsohuwar nan." Gaskiya ta faɗa. Amma tashar motar Onkulu tana kallon rumfarmu ne, duk wanda ya hau sai masu goro sun gan shi. Na ce ba zan ba su wannan dariya ba. Juma'a ta uku ma ban je ba. Na kira waya aka kara wa Inna a kunne, na yi ta zuba bayani kan baturi da hawa da gangara. Inna ba ta son waya. Ta saurara har na gama, ta ce, "To." Shi ke nan abin da ta ce, kuma ya fi zagi ciwo.

Wani direba ne ya ba ni labarin wani mutumin Nijar a Faraku, mai gyaran kayan sola a bayan kasuwa, wai yana haɗa baturi da hannunsa. Na sake ɗora babur a saman mota. Na tarar da dattijo siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, shagonsa cike da wayoyi kamar an zubar da taliya. Bai ko gaishe ni sosai ba, babur ɗin ya gaisar. Ya kwance kujera, ya leƙa, ya kira ni da yatsa. A cikin akwatin baturi akwai wasu 'yan batura baƙaƙe a kwance a gefe guda, sauran wurin kuwa an cusa farin soso don kada su yi ta yawo.

"Alhaji, rabin abin da ka saya soso ne," in ji shi. "Wannan batiri na zuwa marshe ne, kasuwar cikin gari, da dawowa. Kilo nawa gare ka?"

Na ce tamanin.

Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora kan na ido, ya dube ni daga hula har takalmi. "Ni ba likita ba ne, ba zan hana ka cin komai ba. Amma in ka yi mini ƙarya, a daji za ta kama ka. Zo mu je."

Ya ja ni zuwa shagon da ke kusa, inda ake auna buhunan kashu. Mata sun yi layi da kayansu, ya ba su haƙuri ya ce gaggawa ce. Na hau sikeli a gaban jama'a. Mai awo ya matsa ƙarfe, ya ƙara matsawa, ya je ya ɗauko wani dutsen awon. Wata mata ta tambaya ko da buhu za a saye ni ko tiya-tiya. Ba zan rubuta abin da sikelin ya nuna ba, littafina ne. Dattijon dai ya rubuta shi a tafin hannunsa, ya ƙara kilo biyar na babbar riga da goro.

Kwana uku ya yi yana aikin. Na koma rana ta biyu na gan shi ya jera wasu ƙananan batura masu kama da na tocila, sun fi ɗari, yana gwada kowanne da na'ura, yana ware marasa ƙarfi gefe kamar yadda nake tsince goro mai tsutsa. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin na san mai tsince kaya haka ba ya ha'inci. Ya liƙe su layi-layi, ya sa musu wani ɗan allo da ya ce shi ne liman ɗinsu, mai hana wani ya riga wani cika ko ƙarewa. Ya naɗe su da shuɗin roba, ya cire soson nan ya ba ni a leda in kai wa mai shago tsaraba. Sannan ya ba ni sabuwar caja da dokoki: kada in yi caji a rana, kada in taɓa tsohuwar cajar, kada in wanke ƙarƙashin kujera, kada in bar shi a wuta in tafi masallaci. Na ce masa ko matata ba ta kafa mini sharuɗɗa haka ba. Ya ce matata ba ta kamawa da wuta.

Juma'a ta huɗu na fita da sabon baturi. Hawan farko, biyar. Hawa na biyu, biyar, har na wuce wani ɗan zemijan na ɗaga masa hannu. Na wuce inda na mutu karo na farko, na wuce na biyu, ina gaishe da gonakin doyar nan kamar tsofaffin abokan gaba. Da na hango 'yar gadar Onkulu fitilu huɗu ne ke ci, na gaskiya. Daɗi ya cika ni, sai shaiɗan ya kawo mini shawara: tunda babur ba ya ƙara, bari in yi wa Inna irin abin da na yi wa 'yan rumfarmu, in bayyana a gabanta kwatsam.

Na silalo har gindin mangwaro. Matar yayana na zaune kusa da turmi, ta gan ni ta buɗe baki, na sa yatsa a leɓe. Akwai wasa tsakaninmu, sai ta yi shiru tana murmushi. Inna na kan tabarmarta, taku biyar tsakaninmu. Ta juyar da fuskarta gefe, kunnenta na dama na kallon hanya. Ban taɓa ganinta a haka ba, domin duk zuwana a baya takan riga ta ji ni, in tarar ta gyara zama tana fuskantar ƙofa.

Wani babur ya wuce a titi. Ta ce, "Na malamin asibiti ne." Wani ya sake wucewa. "Wannan mai sayen nono ne, ya canja taya." Ta ƙara karkata kai. Can ta ce, "Ke 'yar nan, sauke doyar ku ci da mai. Yau ma ba zai zo ba."

Matar yayana ta dube ni, murmushin ya tafi. 

Inna ta ci gaba, ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin farashin gishiri. "Ba haushinsa nake ji ba. Jiya na zauna ina so in tuna yadda moton nan nasa yake tari a kan gada, uku ne ko huɗu, abin ya ƙi zo mini. Fuskarsa ta riga ta tafi mini tun bara, in na nemo ta sai ta yaro nake samu. Ƙarar ce ta rage. Ita ma ga ta tana tafiya."

Na yi kunya a rayuwata, har a kan sikelin kashu na yi ta, amma ban taɓa jin irin ta ranar nan ba. Mako uku ina faɗa da masu goro a cikin kaina, tsohuwa na nan tana ƙirga tarin babur. Na sauka, na yi sallama.

Ta zabura har carbinta ya faɗi. "Wa alaikumus salam. Wane ne? Auta? Ta ina ka fito? Daga sama aka jefo ka?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce da sabon babur na zo. Ta kama kunnena, ta tabbatar nawa ne, sannan ta murɗe shi sosai. "Tun yaushe kake tsaye?" Na ce yanzun nan. Matar yayana ta ce, "Inna, ya daɗe." Allah ya saka mini. Inna ta wanke ni tas. Ta ce a gidanmu ɓarawo ne kaɗai yake isowa ba a ji shi ba. Ta ce kakanta ya yi tafiyar wata da watanni daga Gwanja, amma bai taɓa faɗo wa iyalinsa haka ba, tun daga bayan gari ake jin ayarinsa, mata su ɗora tukunya. Ta ce a kawo mata wannan abin ta gani.

Na turo shi gabanta. Ta shafa kujera, ta shafa fitila, ta ƙwanƙwasa gefensa da yatsa. "Wannan ai bokitin roba ne. Tayar da shi in ji." Na ce a tashe yake. Ta ce, "Yi masa magana." Na danna hon. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Ta aiki matar yayana ɗaki, ta kwatanta mata wani tsohon adudu a ƙarƙashin gado. Aka zo da wani ƙullin tsumma, Inna ta kwance shi da kanta. Ƙararrawa ce ta tagulla, ba ta kai dunƙulen hannu ba, ta yi baƙi don tsufa. Ta ce ta jakin gaba ce a ayarin kakanta, shi ne wanda sauran jakuna ke bi. Ta kaɗa ta sau ɗaya kusa da kunnenta, sautin ya fito garau. Ta lalubi wuyan babur ɗin ta ɗaura ta da igiyar tsumman, ƙulli uku.

"Yanzu koma," in ji ta.

Na ce, "Ina, Inna?"

"Gada. Ka koma ka zo yadda mutane ke zuwa. Ni ban ji zuwanka ba, don haka ba ka zo ba. Doya ma ba a daka ba."

Haka na juya, ƙato da ni, na koma har bayan gada. Da na taso sai na gane wata matsala: babur ɗin santsin tafiya gare shi, a kan kwalta ƙararrawar ko motsi ba ta yi. Na gwada faɗawa rami da gangan, ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Dole na riƙe kan babur da hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗa igiya, kamar mai tallan yogot. Mutanen bakin hanya suka fito suna kallo, wata mata har ta tambaye ni ko akwai mai sanyi.

Yau a kasuwar Jugu ba wanda yake kirana Alhaji a bayan idona, Jakin Gaba suke cewa, kuma tunda ƙararrawar na tona ni ba na iya kama su. Na haƙura. Duk wanda ya tambaye ni ko ya sayi irin wannan babur, nakan ce ya saya, amma ya buɗe ƙarƙashin kujera tukuna, ya faɗi nauyinsa na gaskiya, ya kuma tuna ko akwai wanda yake jiran ƙararsa a wani wuri.

Ranar dai, ina kan gada ina kaɗawa, hannuna har ya gaji. Na kaɗa sau uku a jere, na tsaya, na ƙara ɗaya, daidai yadda tsohon babur ɗina yake tari. Ban kai ga hango mangwaron ba na ji muryarta daga nesa, da ƙarfin da ban san tana da shi ba har yanzu: "Ga Auta nan, a daka!" Sai taɓarya ta faɗa turmi. Na rage gudu sosai, don hawaye sun hana ni ganin hanya, kuma ba na so in riga sakwarar isa.